Autan Malam Tao

Nanjing, farkon watan Maris, 1996

Zuwa ga Ruomei, Maman Wanwan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Kunming lafiya. Ya gajiyar jirgin ƙasa? Ya ƙafar nan taki mai kumbura in kin daɗe a zaune? Ya jikin Wanwan, ya kuma jaririn da ya mai da ni kaka ban shirya ba? Ki gaida mijinta, ki ce na ce ya riƙa barin 'yata ta yi barci.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini girma. Awarar da kika soya kika bari ba ta ga mako ba. Yanzu taliya ce safe da yamma, har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta fara yi mini kallon tausayi a kan matattakala.

An koma karatu, kuma kamar kullum ni aka bar wa ajin koyar da bincike da rubuta kundi, ajin da kowa a sashen adabi yake gudu. Masu karantar da waƙa su shiga su rera baiti, ɗalibai su lumshe ido don daɗi. Ni kuwa in shiga in tsare mutum da tambaya: ina ka samo wannan, a wane bugu, da idonka ka gani ko labari aka ba ka? A ajina ba a lumshe ido sai don gyangyaɗi.

Akwai abin da ke cin raina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Kin tuna Ning Baotian, ɗalibina na digiri na biyu, dogon nan ɗan Gansu da ya kawo mana dankali a jakar tufafinsa kika rasa inda za ki zuba? Malamin makarantar ƙauye ne kafin ya zo. Ranar da na fara kai shi laburare tsayawa ya yi a bakin ƙofa kamar za a karɓi kuɗin shiga. Ni na koya masa yadda ake neman littafi, yadda ake gwada bugu da bugu, yadda ake yanke jimla in ta fara surutu. Shi kuma ba wanda ya sa shi, ya ɗauki ɗawainiyar goge mini allo da riƙe mini butar shayi daga ofis zuwa aji.

Ya gama babi na uku na kundinsa, a kan waƙoƙin ma'aikatan fada da aka riƙa kora zuwa yankinsu a zamanin daular Qing. Babin ya yi kyau ƙwarai. Sai na ɗauka na kai wa Malam Tao. Gaskiya ba don yaron na kai ba, so nake Malam ya ga irin ɗalibin da autansa ya iya rainowa.

Kin fi kowa sanin abin da sunan nan yake a wurina. Tun ranar da Malam ya karɓe ni ya ce ya rufe ƙofa, ba zai ƙara ɗaukar ɗalibi ba, ake kirana autan Malam Tao. A taro ba a cewa ga wanda ya rubuta littafi kaza, cewa ake ga autan Tao, sai ki ga dattawa suna gyara zama, don kowa ya yarda abin da malami ya ɓoye wa manyan ɗalibansa auta yake bar wa. Ban zama babban farfesa ba, ba a ba ni izinin riƙe 'yan digiri na uku ba, amma wannan suna nawa ne ni kaɗai.

Kin kuma san bakin Malam ba ya yabo. In jimla ta burge shi, ɗan jan da'ira yake ɗiga mata a gefe da alƙalaminsa, shi ke nan. Kundina gaba ɗaya da'irorin da na samu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, har yau na san shafukan da suke. Jiya na je karɓo babin Baotian. Ruomei, kamar an ɓarar da kwanon jan wake a kan takarda. Shafi bayan shafi, har inda ni na ja layi na ce a gyara, ya sa da'ira.

Na tsaya ina jiran ya ce wani abu a kan wanda ya koyar da yaron. Sai ya cire tabarau, ya ce, “Ka turo mini shi ranar Alhamis.” Na ce to, Malam. Da na fito ban iya hawa kekena ba, turo shi na yi har gida.

Ki sumbatar mini jaririn a goshi. Ki rage ɗaga kaya masu nauyi, suna da hannu su ma.

Mijinki,
Pei Songnian


Nanjing, tsakiyar Afrilu

Ruomei,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan duka. Na ji daɗi da kika ce Wanwan ta fara cin abinci sosai. Jajayen ƙwai na cikar watan jariri na raba su a sashe kamar yadda kika umarta, kowa ya ce a gaishe ki. Hoton ma ya iso. Hancin namu ne, kada dangin uban su ruɗe ki.

Na karanta inda kika ce na zama kamar yaron da aka yaye ya ga an ɗora sabon jariri a cinyar uwarsa. Na gode. Mutum mai furfura ya buɗe wa matarsa ciki, abin da zai samu ke nan. Haushin da na ji shi ne ban sami abin da zan musa ba.

Yanzu kowace Alhamis Baotian yana gidan Malam. Ran nan na biya da sunan kai magani, na tarar da shi zaune a kujerar kaba ta kusa da taga, wadda na yi shekaru ina zama a bakin-bakinta don kada a ce na sake. Shi ya jingina, har da ɗora ƙafa. Malam na magana yana katse shi da wannan harshen nasa na Gansu mai kamar ana tauna tsakuwa, Malam kuma yana dariya. Kin taɓa jin dariyar Malam? Ni sai ranar na san yana da giɓi. Inna matar Malam ta kawo agwagwa mai gishiri, ta ɗauki cinyar ta sa wa yaron a kwano, ni ta ce, “Songnian, ai kai ɗan gida ne, ɗebi da kanka.”

Kuang, babban yayanmu a ɗaliban Malam, kuwa ya sami abin wasa. Da ma shugabancin sashe bai hana shi tsokana ba. In mun haɗu a baranda sai ya ɗaga murya, “Auta! Ka duba mana ƙofar nan da kyau kuwa? Ni fa iska nake ji tana shigowa.” In yi dariya, in shige ofis in zauna ina huci.

Ashe ya san abin da ban sani ba. Jami'a ta yarda Malam ya ɗauki ɗalibin digiri na uku guda ɗaya in yana so, don girmama shekarunsa, amma bana kaɗai, kafin a tafi hutun bazara. Shekaranjiya Malam ya kira ni, ya ce Baotian yake so. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, “Ɗalibinka ne. Ba na ɗaukar ɗan wani ta taga. In ka yarda, ka kawo shi da hannunka ya miƙa mini shayin zama ɗalibina.” Ya koma kan littafinsa, ya bar ni tsaye.

Haka al'adar take, ba ni da ta cewa. Wanda ya bar ƙofar malaminsa da ƙafarsa ya shiga wata, sunansa ya ɓaci a sana'ar nan har ya mutu. Sai malamin farko ya kama hannunsa ya kai shi. To ga hannun, nawa ne.

Ki duba abin da ake nema a wurina. In na kai shi, na tashi daga auta. Ba wannan kaɗai ba, yaron da yake kiran Malam Tao kakan malami zai zama ɗansa, ya zama ƙanena. Wanda na koya wa riƙe katin laburare zai zauna layi ɗaya da ni a teburin sabuwar shekara. In kuma ban kai shi ba, hukumar ilimin gundumarsu aro ta ba da shi, da ya gama digiri na biyu ba tare da gurbin na uku ba dole ya koma makarantarsa ta bayan dutse. Ni ba ni da izinin riƙe shi, sauran masu izinin kuma gurabensu sun cika.

Na tuntuɓi yaron don in ji ta bakinsa, ina fatan in ga zumuɗi a fuskarsa in sami dalilin jin haushinsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ta yaya bakina zai kira ka yaya? Abin da ka ce shi zan yi.” Ya ɗauki butar shayina ya yi gaba. Ko wannan ɗan dalilin ya hana ni.

Ban ba Malam amsa ba tukuna. Na ce sai yaron ya kare kundinsa a watan Yuni.

Rigar sanyina mai ruwan toka ina kika sa ta? Na birkice akwati biyu ban gani ba. Ki gaida kowa.

Naki,
Songnian


Nanjing, watan Mayu

Maman Wanwan,

Ina gaisuwa. Ina fatan tarin da kika ce jaririn yana yi ya lafa, ke ma kina samun hutu. Rigar na gan ta, tana inda kika ce.

Zan faɗa miki wani abu, amma ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki alƙalami.

Na sake bin kundin Baotian layi-layi. Aikina ne, ba wanda zai ce ba aikina ba ne. A babi na uku, babin da'irori, na sami matsala. Waƙar da ya gina hujjarsa a kanta ba daga littafin mawaƙin ya ɗauko ta ba, daga wani tarin waƙoƙi ne da aka haɗa bayan mutuwarsa da daɗewa. Masu irin wannan tari kuwa sukan taɓa baiti in sun ji tsoron fada. Ainihin bugun katako na farko yana wani tsohon ɗakin littattafai a Ningbo. Wannan shi ne darasin farko da nake koyarwa kowace shekara: kada ka sha daga kwanon wani alhali rijiyar tana nan.

Kuskure ne na gaskiya, Ruomei, ba ƙirƙira na yi ba. Amma na san abin da nake yi wa sauran ɗalibai in na sami irinsa. In kira mutum ofis, in ce ya rubuta a ƙasan shafi cewa bai ga bugun farko ba, a wuce wurin.

Shi a aji na yi masa. Na kwafe sakin layin a allo na ce ga misalin binciken malalaci. Ban ambaci suna ba, amma mutum nawa ne a ajin ke rubutu a kan korarrun Gansu? Na yi ta magana, ina jin muryata tana daɗi a kunnena. Na ce akwai masu zaton in babba ya shafa musu kai sun gama karatu. Wata yarinya a gaba ta kafa ido a kan teburinta har aka tashi. Da na gama, shi ne ya taso ya goge allon.

A ofis na ce masa ba zan sa hannu ya kare kundin nan bana ba, sai ya ga bugun Ningbo ya sake babin, kuma wannan aikin shekara ne. Ya koma gida ya yi a hankali, baɗi ya dawo. Mu biyu mun san baɗi babu gurbin Malam Tao. Na shirya wa gardama, na shirya wa kuka, har na tanadi amsoshi. Sai ya rusuna ya ce, “Malam, ka fi ni gani. Na gode da ba a bar ni na ji kunya a gaban malaman waje ba.”

Tun ranar ban ƙara ganinsa ba. Butar shayi ni nake ɗaukar abata.

Na san abin da za ki ce. Amma ki tuna shekarun da na yi ina kwafe wa Malam rubutunsa da hannu lokacin da idonsa ya fara rauni, ina ɗauko masa gawayi zuwa hawa na uku, ina kwana asibiti da shi ke kina gida da Wanwan tana zazzaɓi. Ban taɓa jin “madalla” daga bakinsa ba. Na ɗauka haka Allah ya yi shi, ba ya iyawa. Ashe yana iyawa, ni ne ban kai ba. Wannan ne ya tsaya mini a wuya, ba yaron ba.

Kada ki gaya wa Wanwan.

Songnian


Nanjing, farkon Yuni

Ruomei tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta zo. Gajeriya ce, ko labarin jaririn ba ki sa ba, na kuma gane hukuncin ke nan. Kin ce kin auri mai taurin kai kin sani, amma ba ki san kin auri mai ƙyashin ɗansa ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, tana nan tana sukata.

An shiga damina, bango har gumi yake, takalmana sun yi fumfuna. Cikin wannan ruwan Baotian ya ƙwanƙwasa mini ƙofar ofis, a jiƙe, ya rame, idonsa ja. Ashe ba Gansu ya tafi ba, Ningbo ya tafi. Ya ce ya yi ta zarya a ƙofar ɗakin littattafan har mai kula da wurin ya gaji da ganinsa ya bar shi ya shiga. Ba a yarda a ɗauki hoto ba, sai ya kwafe littafin da fensir.

Kuma zargina ya tabbata. Mai tarin ya tausasa baitin. A bugun farko mawaƙin ba kukan kewar gida yake ba, da sarkin da ya kore shi yake, kai tsaye. Baotian ya sake babin a cikin jirgi, takarda a kan gwiwa. Aikin da na ce na shekara ne. Na karanta a gabansa. Ya fi na da nesa ba kusa ba. Ya fi duk abin da na taɓa rubutawa, kuma ke kaɗai zan faɗa wa haka.

Sai ya ce yana da wata magana. Wai ya je gidan Malam Tao ya ba shi haƙuri, ya ce ba zai karɓi gurbin ba ko da na yarda. Na ce don me? Ya ce, “Kakan malami ya sa da'ira a kan baitin nan bai ga an taɓa shi ba. Kai ka gani. Ina zan je in bar mai irin wannan idon? Gara in koma ƙauye ina ɗalibinka da in zauna birni ina ƙanenka.”

Ruomei, ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Wani irin daɗi tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Na ga abin da Malam bai gani ba, kuma ga mai shaida. Sunana na auta yana nan, ɗalibina yana nan, ban ma ƙara ɗaga yatsa ba. Duk abin da na nema na samu.

Daɗin bai kai ni yamma ba. Na tambaye shi ya zai ci gaba da bincike a can. Ya yi dariya ya ce makarantarsu tana da kabad ɗaya na littattafai, rabinsa na lissafi ne, amma zai riƙa rubuto mini in na ba shi izini. Har ya fara ɗaure kayansa, ya raba wa abokan ɗakinsa katunan bayanan bincike da ya yi shekara uku yana tarawa, wai can ba su da amfani.

Malam bai kira ni ba, ba kuma zai kira ba, kin san ba ya roƙo sau biyu. Na haɗu da Inna a kasuwa wajen masu kifi. Ta amsa gaisuwata, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ka yi ƙiba, auta.” Ta wuce. Ni da nake cin taliya tun Maris.

An kusa tafiya hutu. Ki rubuto mini ko zagi ne, ki sa labarin jaririn a ciki.

Mijinki, duk da haka,
Songnian


Nanjing, ƙarshen Yuni

Zuwa ga matata Ruomei,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da Wanwan, da mijinta, da ɗan mutumin da kika ce ya fara juyawa da kansa. Na gode da labarinsa, na gode da zagin ma, ya yi daidai da abin da na yi oda.

Na sa hannu. Baotian ya kare kundinsa, malaman waje har suna rige-rigen yi masa tambaya don su ji ya ƙara magana. Wannan ne mai sauƙin.

Bayan an watse na ce masa ya shirya zan kai shi gidan Malam. Ya ce a'a. Na lallashe shi, ya ce a'a. Na ce umarni ne, ya ce duk umarnina zai bi ban da wanda zai raba shi da ƙofata. Kin ga abin da na jawo wa kaina. Na so ya manne mini, ya manne har ba ya ɓamɓaruwa. Muddin ina malaminsa ba zai tafi ba.

A darasin ƙarshe na zango, da na rufe littafi, ya taso kamar kullum zai ɗauki butar. Na riga shi ɗauka. Na ce, a gaban ajin nan da na kunyata shi, “Ku shaida, daga yau ba ni da ɗalibi mai suna Ning Baotian. Na sallame shi. Abin da na sani na ba shi ya ƙare, ba ni da sauran abin ba shi.” Fuskarsa ta yi fari. Na ce, “Yanzu ba ka da ƙofa. Ko ka tsaya a titi, ko gobe ka wanke rigarka ka same ni a bakin gidan Malam.” Na fita da sauri.

Ya zo. Rigar ba ta ma gama bushewa ba. Na kama hannunsa a matattakala, da gaske, kamar mai kai yaro makaranta ranar farko. Malam ya buɗe ƙofa da kansa. Ya dubi hannuwanmu, ya dube ni, ya matsa gefe. Muka shiga.

Yaya Kuang ya tara waɗanda ke gari cikin 'yan'uwanmu ɗaliban Malam, shi ya jagoranci abin. Baotian ya durƙusa ya miƙa shayi da hannu biyu, Malam ya kurɓa, aka yi tafi. Daga nan sai gaida yayye, daga babba zuwa ƙarami, kowa ya rusuna masa ya kira shi. Yaya Kuang, Yaya wane, Yaya wance, tiryan-tiryan. Da ya iso kaina sai ya tsaya. Bakinsa na motsi, babu abin da ke fita. Malam ya riƙe kofinsa yana jira, ya ƙi ceton kowa.

Ni na ce, “Haba ƙanena, faɗi mana, abinci na hucewa.”

Ya faɗa. “Yaya Pei.” Hawaye na bin haɓarsa. Na amsa da ƙarfi don kowa ya ji, har Inna ta leƙo daga kicin.

A teburi na ɗauki tulun giya zan zagaya da shi, don aikin auta ne kuma hannuna ya saba. Kuang ya dafa ni ya ce, “Zauna, tsoho, an karɓe ka.” Na zauna, yaron ya zuba mini. Na yi zaton nan ne zai fi yi mini ciwo, har na ɗaure ciki. Ya yi ciwo, amma irin wanda ake iya haɗiyewa.

Wanda ban shirya wa ba a bakin ƙofa ya same ni. Muna sallama sai ga maƙwabcin Malam, tsohon likitan nan, yana hawowa da lemarsa. Ya ga baƙuwar fuska ya tambaya wane ne. Malam ya ɗora hannu a kafaɗar Baotian ya ce, “Ɗalibina ne.”

Ruomei, tun Maris nake zaton yaron nake kishi, don ya sami abin da na yi rabin rayuwata ina jira daga Malam. A kan matattakalar nan na gane Malam nake kishi. Duk littafin da yaron nan zai rubuta, kuma zai rubuta, a bangonsa za a ce ɗalibin Tao ne. Ni na same shi a bakin laburare yana tsoron shiga, ni na koya masa, ɗalibi ɗaya ke nan irinsa da Allah ya ba ni a duk shekarun koyarwata, kuma ba zan ƙara buɗe baki in faɗi kalmar nan a kansa ba. Na so in ce wa likitan, nawa ne. Sai na ce masa sannu da ruwa, na sauka.

Baotian ya biyo ni zai raka ni gida. Na ce ya koma, malaminsa na jiransa.

Ki dawo haka nan. Wanwan ta warware, uwar mijinta ma ta iya riƙon jariri. Ki sanar da ni jirgin da za ki hau in zo tasha in tarbe ki. Ki gaida su duka, ki ce wa jikana kakansa na nan lafiya.

Ni ne mijinki mai jiran ki,
Pei Songnian